Ka juya bayan sifikar kafin ka tambayi sunanta

Jiya muna naɗe waya ka ce min, "Oga, in kwastoma zai haɗa sautin sinima a falonsa, tsakanin sifikun Klipsch da KEF da Polk wanne zan ce ya saya?" Na yi maka shiru saboda tambayar ta fama min wani tsohon miki. Yau zauna ka ji.

Shekarun baya wani mai hali ya kira ni gidansa, na tarar ya riga ya yi sayayyarsa. Sifikun gaba guda biyu dogaye masu tsada, ya saye su ne don ya gan su a gidan abokinsa. Ta tsakiya ta wani kamfani ce dabam, wai an yi masa ragi. Amfilifaya kuwa, na'urar da ke ba sifiku wuta, 'yar ƙarama, a nan ya matse hannu. Na juya bayan dogayen, na ga om 4, kuma duk sifikar da om ɗinta ya yi ƙasa ta fi zuƙar wuta. Na duba takardarsu, ƙarar desibel 85 suke bayarwa a kan wat ɗaya. Na juya amfilifayar, ga shi baro-baro an rubuta kada a ɗora mata ƙasa da om 6. Na ce, ranka ya daɗe, wannan an ɗora wa jaki kayan raƙumi, sifikun nan masu zuƙar wuta ne, amfilifayar ba za ta iya ciyar da su ba. Ko dai a canza ta, ko a mayar da su. Buɗar bakinsa sai ya ce haɗawa aka kira ni in yi, ba shawara ba.

Na haɗiye maganar, na karɓi kafin alƙalami, na kama aiki. Kwana uku ina bi da waya ta cikin silin, na rataye na baya, na saita komai, na kuma shiga cikin amfilifayar na sa mata iyakar ƙarar da ba za a wuce ba. Na nuna masa da yatsana. Ya ce cikon kuɗina sai ƙarshen wata.

Sati biyu ba su cika ba ya yi baƙi, ɗansa ya cire iyakar, suka murɗa har ƙarshe. Amfilifaya idan numfashinta ya ƙare ba shiru take yi ba, guntule sautin take yi ta tura shi a gurɓace, kuma tiwita, 'yar ƙaramar nan mai fitar da siririyar murya, ita ke fara shan wuya, domin naɗin wayarta bai fi gashin kai kauri ba. Duka biyun suka ƙone. Da na je na sa hanci a jikinsu, ƙaurin yana nan. Mutumin nan ya dube ni a gaban iyalinsa ya ce ni na juya waya. Juya waya ba ya ƙona tiwita, dirin ƙasa kawai yake ragewa, amma wa zai saurare ni? Don in tsare sunana na yi odar sababbi da kuɗin aljihuna na saka masa. Cikon kuɗina har yau bai biya ba, kuma ya bi mutum biyu da suka yi min alkawarin aiki ya ce musu ni maɓarnaci ne. Wallahi ban yafe ba. Kuskurena ɗaya, ban rubuta gargaɗin a takarda ya sa hannu ba.

To, ga amsarka. Duk ukun da ka lissafa kayan kirki suke yi, sai dai kowane da halinsa. Klipsch tun 1946 suke a Amurka, an san su da sa tiwita a cikin ƙaho, shi ya sa wat kaɗan ke cika falo da su. Amma a falon da babu kafet babu labule mai kauri, muryarsu kan yi wa wasu kaifi a kunne. KEF 'yan Ingila ne, suna dasa tiwita a tsakiyar babbar sifikar, abin da suke kira Uni-Q, sai sautin ya bazu daidai ko ba a kujerar tsakiya kake ba. Da yawansu suna son amfilifaya mai ƙwari. Polk kuwa, a kunnena, muryarsu mai taushi ce, ga sauƙi ga wanda aljihunsa bai yi nauyi ba. Lissafin da nake so ya zauna maka shi ne, duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat. Mai 85 tana bukatar wuta ninki takwas kafin ta kamo mai 94. Don haka amfilifayar mutum da girman falonsa za ka fara gani.

Na gaba guda uku, hagu da dama da tsakiya, kamfani ɗaya, jeri ɗaya, babu ciniki a kan wannan. Kusan duk maganar fim daga ta tsakiya take fitowa. In ka gauraya, mota za ta taso daga hagu da murya ɗaya, ta iso tsakiya ta zama wata motar. Na baya ana iya sassautawa. Sabufa kuma, mai fitar da dirin ƙasa, ɗauko ta ko'ina, tunda da amfilifayarta a ciki, akwai irin su SVS da suka yi suna a kanta. Ka yanke sautin a hez 80, wato ma'aunin kaifi ko zurfin sauti, ka bar mata duk abin da ke ƙasa, sauran su huta.

Haɗa waya ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, da inda ake ajiye kowace sifika, ba zan ɓata bakina ba. In ba ka san wannan ba bayan wata takwas a hannuna, ka canza sana'a.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, kunnenku na kan waya. Ku kalli bidiyo a YouTube ta lasifikar waya ku ce kun ji yadda sifika take. Ku ga an buga wat dubbai a jikin kwali an sa PMPO, lambar cika baki ta 'yan talla, a gefe, ku gaskata, alhali RMS, ƙarfin da ake iya riƙewa a kai a kai, shi ne lambar aiki. Ku dasa makirufon Audyssey ko YPAO mai saita sauti daidai da ɗaki, inji ya gama lissafinsa, ku tattara kaya ku tafi ba tare da kun zauna kun saurari muryar mutum ɗaya ba. Mu a kunne muka koya, da fim guda da muka haddace sautinsa, muna yawo da shi gida-gida.

Gobe ka zo da wuri. Buɗe durowar ƙasa, ƙonannun tiwitocin nan biyu suna ciki a leda. Ɗora musu mita ka faɗa min abin da ka gani, sannan in nuna maka takardar da nake sa kwastoma ya sa wa hannu.