Ku Tambaya Mu Amsa: Gudu a Zafin Garwa da Ɗaga Jarka a Tsakar Gida

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan shafi a watan nan a kan motsa jiki suke, kuma da yake tambayoyin sun yi kama da juna, mun zaɓi huɗu daga Garwa, Marwa, Ngaundare da Njamena. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya, mun kuma taƙaita wasiƙun.

TAMBAYA: Ni tela ne a Garwa, shekaruna 44, nauyina kilo 93, kuma tun safe har magariba ina kan keken ɗinki. Teɓa ta dame ni, shi ya sa na bi wasu samari da ke gudu da yamma a wajen filin wasa na Rumde Ajiya, ina sa rigar leda a ciki don in ƙara zufa. Ranar farko sikeli ya nuna na rage kilo ɗaya da rabi, amma washegari ya dawo. Bayan kwana shida ƙwaurina da gwiwata suka hana ni taka ƙasa, dole na daina. Shin gudu ne bai karɓe ni ba?

AMSA: Malam, gudu bai ƙi ka ba, gaggawa ce ta kayar da kai, amma kafin mu je can sai ka fara cire rigar ledar nan ka ajiye ta don damina. Kilo ɗaya da rabin da ka gani ya tafi ruwan jikinka ne, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma da ka sha ruwa ka ci tuwon dare sai ya koma inda ya fito. Zufa hanya ce da jiki ke sanyaya kansa, kuma ba ta sanyaya shi sai ta bushe a kan fata. Idan ka kulle ta da leda a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ka toshe wa jikinka ƙofar fitar da zafi a daidai lokacin da gudu ke ƙara hura masa wuta. Abin da ke biyo baya shi ne jiri, ciwon kai, amai da ruɗewa, kuma yana iya kaiwa ga taɓa ƙoda ko rasa rai.

Kitse kuwa lissafinsa daban ne, kuma gara ka san shi tun yanzu don kada ka karaya. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 7,700, mai gudu kuma yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Ke nan mutum mai nauyinka zai yi gudun fiye da kilomita 80 kafin ya narkar da kilo ɗaya, idan bai taɓa cimarsa ba. Kwalbar lemo ɗaya da za ka kora a shago da rana tana iya cinye gudun kilomita ɗaya da rabi. Na san shagunan teloli, na san butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi, kuma ana zuba mata sukari ne ba da cokali ba. Rage wannan sukarin da lemon zai yi wa teɓarka aikin da zagaye filin wasa sau goma ba zai yi ba. Haka kuma kwanciya a tabarma ana ɗago kai sau ɗari yana ƙarfafa naman ciki ne kawai, ba ya zaɓar kitsen ciki ya ƙone shi, domin jiki yana ɗibar kitse daga ko'ina ne yadda halittarsa ta tsara.

Ciwon ƙwauri da gwiwa yana da dalili mai sauƙi. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin 'yan makonni, amma jijiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi, da ƙashin kansa, sai sun ɗauki watanni. Kowane taku na gudu yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, kai kuma ka ɗora wa ƙafar da ta shekara ashirin a ƙarƙashin keke wannan kaya kwana shida a jere, kana bin yaran da ka haifa. Ka huta har ciwon ya lafa, sannan ka yi mako biyu kana tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Daga nan ka shiga sassarfa ta minti ɗaya da tafiya ta minti biyu, ka maimaita sau takwas zuwa goma, kwana uku kawai a mako, kana barin kwana ɗaya a tsakani. Duk mako ka ɗan tsawaita sassarfar ka rage tafiyar, kuma da yardar Allah cikin wata biyu zuwa uku za ka iya minti 20 ba tsayawa. Ma'aunin saurinka shi ne magana: idan kana iya amsa gaisuwar mai wucewa da cikakkiyar jimla, daidai kake, idan kuma haki ya hana ka, ka rage.

Ka mayar da fitarka bayan sallar asuba, lokacin da gari bai ɗauki zafi ba, ka nemi ƙasa mai laushi a gefen kwalta, ka sa kambas mai kaurin tafi wanda ya bar wa yatsunka sarari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye. Tafiyar da na tsara maka kaɗai ta cika mafi ƙarancin wannan adadi. Da yake ka haura arba'in da wannan nauyi, ka je a auna maka jini da suga kafin ka fara, kuma duk ranar da ka ji ƙirjinka ya ɗaure ko numfashi ya sarƙe ba gaira ba dalili, ka tsaya ka nufi asibiti. Sikeli kuma ka rage hawansa, tunda abin awon da ya fi shi yana rataye a wuyanka kullum. Ka zagaya tef a cikinka daidai saitin cibiya sau ɗaya a wata, burinka shi ne awon ya gaza rabin tsawonka.

TAMBAYA: Shekaruna 21, ina zaune a Domayo cikin Marwa, nauyina kilo 60. Ina son in yi ƙwanji irin na Francis Ngannou, amma ba ni da kuɗin shiga gidan ɗaga ƙarfe. Abokaina sun ce sai da garin gwangwani na ƙara tsoka, wasu kuma suna haɗiyar tiramol kafin su fara don kada su gaji. Me zan yi?

AMSA: Ƙanena, shi wanda ka ambata ɗin a ramin yashi na garinsu Batie, a Kamaru, ya fara aikin ƙarfi tun yana yaro, kuma sai a 2021, yana da shekara 34, ya ɗauki kambin ajin masu nauyi na UFC, gasar faɗan da ta haɗa dambe da kokawa. Girman jikinsa halitta ce da ba kowa Allah ya ba ba, amma ƙarfi da cikar damtse kowa na iya ƙarawa a kan abin da yake da shi, kuma kayan aikin suna tsakar gidanku. Jarka mai lita 20 idan ta cika ruwa kilo 20 ce, kuma ta fi ƙarfe wani abu guda, wato kana iya rage ruwan ko ka ƙara gwargwadon ƙarfinka. Ka rungume ta a ƙirji ka tsuguna ka miƙe. Ka ɗago ta daga ƙasa da bayanka a miƙe, ƙarfin yana fitowa daga cinya da ƙugu. Ka dafa benci da hannu ɗaya ka jawo ta zuwa haƙarƙari da ɗayan. Ka dafa ƙasa da tafin hannu biyu ka sauke ƙirji ka ɗago, ka kuma kama reshen darbejiya mai ƙwari ka ja jikinka sama. Kowanne ka yi sau 8 zuwa 12, ka huta minti biyu, ka maimaita har zagaye uku, kwana uku a mako. Ranar da ka ga 12 ɗin ta zo maka da sauƙi, sai ka ƙara ruwa, domin tsoka ba ta girma sai an riƙa ƙara mata kaya kaɗan-kaɗan.

Na dage a kan miƙewar baya ne saboda ni kaina na ɗanɗana. Ina saurayi muka cika gwangwanayen fenti biyu da siminti muka soka bututun ƙarfe a tsakani, ashe ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi, na sunkuya na fizge shi a gaban abokai don a yaba mini. Mako biyu na yi ina sallah a zaune. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki ba abin tsoro ba ne, yana wucewa da kansa, amma ciwo mai suka a gaɓa ko a gadon baya alama ce ta a dakata.

Garin gwangwanin da ake tallata muku yawancinsa daga madara ake tace shi, ba wani sirri a ciki. Mai son gina tsoka yana buƙatar kusan giram 1.6 na furotin, sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kai kusan giram 96. Ƙwai ɗaya yana ba da giram 6, lita ɗaya ta madara fiye da 30, giram 100 na gyaɗa kusan 25, ɗanyen kifi kuma kusan 20. Ƙosai da kunun gyaɗa da safe, wake da rana, kifin tafkin Maga ko kindirmo da dare, ga ƙuli-ƙuli a aljihu, sun isar maka, idan ka haɗa da barcin awa bakwai zuwa tara. Tiramol kuwa maganin ciwo ne dangin masu sa maye, ba ya ƙara ko zare ɗaya na tsoka. Yana rufe maka bakin ciwon da ya kamata ya gargaɗe ka, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, kuma yawansa yana jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi.

TAMBAYA: Ni uwa ce a Ngaundare, shekaruna 56, ina da ciwon suga, kuma tashi daga tabarma ya fara yi mini wuya. 'Yata ta ce in riƙa ɗaga abu mai nauyi, ni kuma ina tsoron jikina ya murɗe kamar na maza.

AMSA: Hajiya, 'yarki ta faɗa miki gaskiya, tsoron kuma ki ajiye shi. Sinadarin da ke sa tsokar namiji ta kumbura ya ninka na mace fiye da sau goma, kuma iyayenmu da suka rayu da taɓarya da guga ba su zama maza ba. Abin da ke faruwa da ke shi ne tsoka tana raguwa da shekaru tun daga talatin, ƙashin mace kuma yana saurin yin rauni bayan ɗaukewar al'ada, kuma aikin ƙarfi yana rage gudun duka biyun. Ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa gwiwa ba sau goma, ki dafa bango ki kai ƙirji kusa ki tura baya sau goma, ki ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu, sannan ki tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango na daƙiƙa 20. Wannan kwana biyu ko uku a mako ya isa, ba sai kin fita ƙofar gida ba. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar a tsakar gida bayan cin abinci tana taimakawa wajen sauke suga, domin tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini. Idan kina allurar insulin ko ƙwayar da ke sauke suga da ƙarfi, ki sanar da likitanki, ki ajiye dabino kusa saboda rawar jiki idan suga ya faɗi da yawa, ki kuma riƙa duba tafin ƙafarki ko akwai rauni.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Njamena, ina gudu kullum da safe, amma da hunturu ya shigo sai tari ya kama ni. In ci gaba ko in bari?

AMSA: Ɗan'uwa, ƙurar da kake shaƙa mai yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin ƙasarku, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe busasshiyar ƙasar tsohon tafki, kuma wurin yana cikin mafi tayar da ƙura a duniya. Mai gudu yana shaƙar iskar da ta ninka ta mazauni sau da yawa, kuma ta baki, inda babu gashin hancin da zai tace ta. Ka zaɓi wata hasumiyar masallaci ko dogon bene da kake hangowa daga ƙofar gidanku ya zama ma'auninka. Ranar da ka gan shi sarai ka fita, ranar da hazo ya shafe shi ka rufe taga ka yi tsallen igiya na minti 15 a ɗaki. Idan tarin ya wuce mako biyu, ko yana zuwa da shessheƙar ƙirji, zazzaɓin dare ko jini, ka je a duba maka asma da tarin fuka kafin ka sake ɗaura kambas.