Hukuncin shiga tsohon cocin katako na Borgund

Tambaya: Malam, ina karatu a Bergen, ƙasar Norway. Makarantarmu za ta kai mu Borgund mu ga wani tsohon coci na katako. Wani ɗan'uwa ya ce shiga coci haram ne ko da don kallo. Ya zan yi?

Amsa: Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da ya sauƙaƙa mas'alarka shi ne halin da ginin yake ciki yau. An gina shi wajen shekarar 1200, da katako ana shafa masa kwalta, amma tun 1868 mutanen garin suka koma sabon coci a kusa, wata ƙungiyar adana kayan tarihi ta karɓi tsohon. Gidan tarihi za ka shiga, kuɗin tikitinka na gyaran gini ne. Ya halatta.

Ɗan'uwan naka yana da magabata, don wasu malaman Hanafiyya da Shafi'iyya sun hana, suna kafa hujja da maganar Sayyidina Umar cewa ba sa shiga coci saboda hotunan da ke ciki. To amma Ibnu Ƙudama, malamin Hanbaliyya, ya kawo cewa a tafiyar da Umar ya yi zuwa Sham, da Kiristoci suka gayyace shi cin abinci a coci, ya tura Sayyidina Ali da jama'a, suka shiga suka ci abinci. Da haram ne, zai tura su? Ummu Salama da Ummu Habiba kuma sun ba Annabi (SAW) labarin cocin da suka gani a Habasha. Ya zargi masu gina wurin ibada a kan kabari da masu yin hotunan, bai tsawata musu kan ganinsa ba. Masu kawo hadisin da ya hana shiga garin Samudawa sai ana kuka kuwa sun yi nisa, can wurin da azaba ta sauka ne.

Kunna kyandir ko sunkuya wa gicciye, wannan babu saɓani, haram ne. Sallah kuma ka yi ta a waje.

Za ka ga kawunan dodanni a saman rufin, ana cewa don korar mugun abu aka sa su. Ka kalli gwanintar masassaƙa, kar ka sayo kwatankwacinsu ka rataya a ɗaki. Hoto kuma ka yi hattara da Facebook: mahaifiyarka a gida za ta ga gicciye a bayanka kafin ta karanta bayaninka. Kira ta ka faɗa mata tukuna.

Wallahu a'alam.