Kwamfutarmu na ɗaukewa da kanta, fomatin ya ƙi magance ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Kwamfutar tebur ce ta gwanjo maigida ya saya wa yara, babban yana gwajin JAMB a kanta ni kuma ina buga takardun Islamiyya. Toh ana cikin aiki sai kawai ta ɗauke ɗif, wani lokacin kuma ta kawo shuɗin allo da rubutu ta sake tashi da kanta. Mai gyara ya yi fomatin ya sake yi, kuɗi sun tafi abu na nan yadda yake, yanzu wai a kawo ta a canja Windows. Daga wata uwar yara a Rigasa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki ƙara ba da ko kwabo na fomatin. In an goge komai an sa sabon Windows kuma cutar ta dawo, to yawanci a jikin kayan take, amma wasu masu gyaran fomatin ne farasitamol ɗinsu, kowace cuta shi suke bayarwa.

Abu biyu kika faɗa kuma ba ɗaya ba ne. Ɗaukewa ɗif ba sallama yawanci zafi ne ko wuta. Shuɗin allo kuwa yakan zo daga RAM, wato siririn allon da ke riƙe aikin da ake kai, ko hadis, wato ma'ajiyar bayanai.

Ni zafi na fi zargi, don ƙurar hunturun Kaduna ba ta raga wa komai. A zare soket, yaron ya kwance murfin gefe ya duba fankar da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wallahi sau da yawa za ki ga ƙura ta cushe haƙarƙarin ƙarfen da ke ƙarƙashinta ta yi dunƙule, fanka na ta juyawa amma iska ba ta ratsawa. A share da busasshen buroshin fenti ko bulowa, a riƙe fankar da yatsa kar iska ta yi ta wulwula ta. Akwai wani man toka-toka tsakanin furosesa da wannan ƙarfen, a tsofaffin kwamfutoci ya kan bushe ya farfashe, a goge a shafa sabo kamar ƙwayar shinkafa. Ku saukar da manhajar HWMonitor mai nuna zafin kwamfuta, kyauta ce, in zafin yana haura digiri 90 ana aiki to kin kama ɓarawon, domin furosesa in ya doshi 100 rage gudu yake ko ya kashe kansa kar ya ƙone.

Sai wuta. Ki lura da lokacin da take ɗaukewa, shin in firji ya tashi ne ko an jona dutsen guga ko kuna kan ƙaramin janareta? Wutar gida ya kamata ta tsaya wajen volt 230, mu kuwa kin san yadda take zuwa, rabi-rabi ƙwan fitila na ja kamar garwashi. Wannan hawa da saukar ke gajiyar da fawa sufulai, akwatin nan na baya da wayar wuta ke shiga. A ari wani mai lafiya a gwada. Amma don Allah kar yaro ya buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko bayan an zare soket. In da hali a sayi UPS, wato akwatin batir da ake jona kwamfuta a jikinsa, ya fi sitabilaiza amfani a nan tunda shi yana riƙe ta in an ɗauke.

Na shuɗin allon kuma, a ciro RAM a goge bakinsa mai ruwan zinaren da kilinar fensir a mayar har sai ya ce ƙas. In guda biyu ne a bar ɗaya a yi aiki yini, gobe a musanya. Windows ma na da nata gwajin, a danna maɓallin Windows da R a rubuta mdsched. Hadis kuwa in kina jin yana ƙyas-ƙyas ko manhajar CrystalDiskInfo mai duba lafiyar hadis ta nuna ruwan ɗorawa, ki kwashe takardunki a filasha yau yau kafin ki taɓa komai, sannan a nemi SSD, wato ma'ajiyar zamani da ke maye gurbin hadis.

Abin da nake roƙo kawai, a canja abu ɗaya a jira a gani, kar a taɓa uku lokaci guda a rasa wanda ya yi aikin. In duk an bi ba ta daina ba a haska madabod, wato babban allon da komai ke jone a kansa, da tocila, waɗannan ƙananan gwangwanayen in kansu ya kumbura ko sun yi tsatsa, to nan ne, kuma a tsohuwar kwamfuta sai kin yi lissafi ko gyaran ya kai kuɗinsa. In za ki kai ta wajen masu gyara, ko Kasuwar Gumi ko cikin unguwa, ki ce ya jona nasa RAM da nasa fawa sufulai a gabanki a ga ta tsaya kafin ki biya kuɗin sabo.