Za mu iya yanka filin gado gida huɗu ba tare da sanin hukuma ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fili a Barnawa, ƙafa 120 ta bakin titi, ƙafa 100 zuwa ciki, da takardar mallaka ta gwamnati. Mu huɗu ne magada, maza biyu mata biyu, kuma kotun shari'a ta raba mana gado. Yayanmu ya ce a kira mai unguwa a kafa turaku kowa ya kama nasa. Shin hakan ya wadatar? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku. Hakan bai wadatar ba. Kotu ta fayyace kason kowa, amma a idon hukuma filin nan har yanzu fuloti ɗaya ne mai lamba ɗaya da sunan marigayi, kuma shaidar mai unguwa, duk da mutuncinta, ba ta sauya wannan.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. Sashe na 22 ya hana mai takardar mallaka ya sayar ko ya miƙa filinsa, ko wani yanki nasa, sai da amincewar Gwamna, sashe na 26 kuwa ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. A Kaduna, hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye, KASUPDA kuma ke kula da tsarin gari da izinin gini. Za ku nemi izinin rabawa a KADGIS da takardar asali da ta kotu, ku biya kuɗin ƙasa da ya taru, safiyo ya auna ya fitar da zane, sannan idan an amince kowane yanki ya sami lambarsa da takardarsa.

Inda nake so ki tsaya ki yi nazari shi ne awon kansa. Tunda namiji yana da rabon mata biyu, filin zai kasu shida, wato kowane ɗan'uwanki ya sami ƙafa 40 ta gaba, ke da 'yar'uwarki kuwa ƙafa 20 kowacce. Ki auna ƙafa 20 a tsakar gidanki ki gani: idan aka cire tazarar da ake bari tsakanin gini da katanga, abin da ya rage da ƙyar ya ɗauki ɗaki guda, balle a raba rijiya da masai. Idan kuma aka yanka gaba da baya, na baya ba shi da mafita sai an fitar masa da hanya, kuma ruwan damina sai ya bi ta gidan wani kafin ya isa kwata. Waɗannan su ne abubuwan da masu tsara gari ke dubawa, kuma ni ina ganin suna da gaskiya, domin sau da yawa lungun da 'yan'uwa suka bar wa juna da fatar baki shi ne ake toshewa da bulo ranar da ɗayansu ya sayar wa baƙo.

Shawarata ita ce ku biyu mata ku haɗa kasonku ya zama ƙafa 40 da sunayenku tare, ko kuwa a yi wa filin ƙima, ɗayarku ta biya ɗayar kuɗin rabonta a gaban shaidu da rubutu. Kada kowa ya karɓi kafin alƙalami daga dillali, kada kuma a haƙa tushen gini, sai sababbin takardu sun fito kuma KASUPDA ta amince da zanen ginin.