Iskar kabon a akwatin kifi: amsoshin tambayoyin masu shuka a cikin ruwa

Tambaya daga Kaduna: Malam, ina da akwatin gilashi na kifin ado mai cin lita 60. Na dasa tsirrai a ciki amma ba sa gaba, sai gansakuka ke lulluɓe su. An ce in sa musu iskar kabon. Dole ne?

Amsa: Ya danganta da abin da ka dasa. Tsiron ruwa kamar gero yake a gona, haske yake so da taki da iskar kabon, wato CO2. Bambancin shi ne iskar da ke narke a ruwa kaɗan ce. Idan fitilarka na da ƙarfi kuma kabon ya gaza, tsiro sai ya tsaya cik, gansakuka ta cinye hasken da takin. Kafin ka kashe ko sisi, mayar da fitila awa shida zuwa takwas a yini, ka ga abin da mako uku zai nuna.

Akwai tsirran da ba ruwansu da ƙarin iska. Anubiyas, wanda 'yan Turai da Japan ke saye, asalinsa rafukan dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru ne, a inuwa ya saba, girmansa a hankali. Kainuwa kuwa a sama take yawo, daga sarari take shaƙar nata. Masu bukata su ne jajayen tsirrai da 'yan ƙananan nan da ke shimfiɗuwa a ƙasan akwati kamar darduma, irin salon da Takashi Amano na Japan ya yi suna a kai kafin rasuwarsa a 2015.

Tambaya daga Kano: Na ga ana haɗa yis da sukari a gora don samar da iskar kabon. Yana aiki?

Amsa: Yana yi, Hajiya, a ƙaramin akwati. Gorar lemo mai lita biyu, sukari kofi biyu, yis na burodi rabin ƙaramin cokali, ruwa zuwa kafaɗar gora, sai a huda murfi a zura siririn tiyo zuwa cikin akwatin. Ki sa bawul mai hana ruwa komawa baya, in ba haka ba wata rana ki tarar da ruwan kifi a tsakar ɗaki.

Amma ga inda nake jan kunne, don a nan kifi ke mutuwa. Yis ba shi da makunni. Da rana tsiro na zuƙe kabon yana fitar da oksijin. Da dare shi ma oksijin yake sha, kamar kifin. Gorar kuwa ba ta san dare ya yi ba. To ki haɗa da namu halin: an ɗauke wuta, fitila ta mutu, famfon da ke motsa ruwa ya tsaya, ga zafin Afrilu da ke sa yis tafasa fiye da kima, ga shi ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai. Da asuba sai a ga kifi sun taru a sama suna haki. Don haka da magariba, ko da zarar wuta ta tafi, zare tiyon daga ruwa. Kada ki toshe shi, gorar na iya fashewa. Idan kin riga kin ga suna hakin, canza rabin ruwan nan take, ki riƙa ɗiba da kofi kina kwararawa daga sama.

Tambaya daga Abuja: Na sayi silindar iskar kabon da regileta, wato na'urar daidaita fitar iskar. Nawa zan riƙa saki?

Amsa: Abin da ake nema shi ne wajen miligiram 20 zuwa 30 na kabon a kowace litar ruwa. Fara da kumfa ɗaya a daƙiƙa biyu, ka ƙara kaɗan-kaɗan a ranar da kake gida. Nemi ɗan kwalbar gwajin nan da ake mannawa a jikin gilashi, wanda ruwan cikinsa ke canza launi: shuɗi, iska ta yi kaɗan, kore, daidai, rawaya, ta yi yawa. Sai dai launin na makara da awa ɗaya ko biyu, saboda haka idonka ya fi zama a kan kifin.

A buɗe iskar awa ɗaya ko biyu kafin fitila, a rufe awa ɗaya kafin a kashe ta. Regileta mai bawul na lantarki ya fi dacewa da mu, don wuta na tafiya yake rufe kansa. Silindar ta zauna a tsaye, a ɗaure, a inuwa. Matsin da ke cikinta ya kan kai bar (ma'aunin matsin iska) 55 zuwa 60 a ɗaki mai sanyi, zafi kuma na ƙara shi sosai, don haka ba a barin ta cikin mota a rana.

Wani mai kiwon tarwada a Zariya ya tambaya ko shi ma ya sa wa tankinsa. A'a, Alhaji. Kifinka da kansu suna fitar da kabon fiye da yadda kake so. Naka aikin canjin ruwa ne a kai a kai da rage cunkoso.