Dillali ya ce fom ɗin kowa ne, to me ya sa takardun inshorata suka ƙara kauri?

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfanin gyaran gidaje a Amurka, ina karɓar aiki a hannun manyan 'yan kwangila. Da na je sabunta inshorar da ke biyan diyya idan aikina ya ji wa wani rauni ko ya ɓata masa dukiya, dillali ya ce in kwantar da hankalina, fom ɗin da kowa ke amfani da shi ne. Amma takardun bana sun fi na bara kauri. Shin kalmomin fom ɗin suna canzawa ne?

Amsa: Suna canzawa, Malam. Dillalinka bai yi ƙarya ba, rabin maganar dai ya faɗa maka.

Yawancin kamfanonin inshora a Amurka ba su ke zama su rubuta wannan yarjejeniya da kansu ba. Wata cibiya ce da ake kira ISO (Insurance Services Office), wadda aka kafa a 1971, take tsara ta, su kuma su ɗauka. Ɗauko takardarka ka duba can ƙasan shafi, za ka ga ƙananan lambobi kamar haka: CG 00 01 04 13. Na farkon sunan fom ɗin ne. Huɗun ƙarshe kuwa wata da shekarar bugun ne, wato Afrilu 2013. Mutum biyu na iya riƙe CG 00 01, amma in bugunsu ya bambanta, abin da za a biya musu ma ya bambanta.

Babban garambawul an yi shi ne a 1986, bayan shari'o'in asbestos (wani kayan gini mai jawo cutar huhu) da na gurɓata muhalli sun jigata kamfanonin. Fom ɗin 1973 yana biyan gurɓatar da ta auku kwatsam ba da gangan ba; sabon ya kusan rufe wannan ƙofa gaba ɗaya, ya kuma sa wa jimillar diyyar shekara iyaka. Daga nan gyare-gyare suka ci gaba. Bugun 2001 ya ce ɓarnar da ka riga ka san da ita kafin ka sayi inshorar ba ta ciki, wannan kuma ya samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙolin Kalifoniya na 1995 a shari'ar Montrose. Bugun 2004 ya cire asarar bayanan kwamfuta. Idan yaronka ya yanke wayar lantarki a ofishin da kuke gyara, bayanan masu ofishin suka salwanta, kada ka sa rai wannan fom zai biya kuɗin bayanan.

Amma inda ya fi shafarka shi ne rataye, wato shafukan da ake liƙawa a bayan fom su ƙara ko su rage abin da ke ciki. Kaurin da ka gani, ina kyautata zaton daga nan yake. Tunda kana aiki a ƙarƙashin manya, babu makawa suna sa ka shigar da sunansu cikin inshorarka, ratayen da ake yin haka da shi kuwa shi ne CG 20 10. Bugunsa na Nuwamba 1985 yana da faɗi ƙwarai: yana kare babban ɗan kwangila daga duk abin da ya taso daga aikinka, har bayan ka gama ka tafi. A 1993 aka taƙaita shi ga lokacin da aiki ke gudana, shi ya sa daga baya aka fito da CG 20 37 don aikin da aka kammala. A 2004 aka ce sai in kai ko mutanenka kuna da hannu a ɓarnar, ko da kaɗan ne. A 2013 aka ƙara cewa kariyar ba za ta wuce abin da doka ta yarda da shi ba, ko abin da kwangilarku ta nema.

Ka ga inda tarkon yake? Har yau akwai kwangilolin da ke neman bugun 1985 da sunansa, alhali samunsa ya yi wuya. Ka sa hannu ba ka lura ba, a ba ka na 2013, ranar da rufin da ka gyara ya yi yoyo bayan shekara biyu, babban ɗan kwangilar ya nemi kariya ya rasa, kai zai juyo wa da zargin saɓa alkawari. Irin wannan bashi kuwa, a mafi yawan lokuta daga aljihunka zai fito.

Akwai kuma ratayen da aikinsu ragewa ne kawai. CG 21 06 na 2014 ya cire ƙarar da ta shafi fallasar bayanan sirrin mutane. CG 22 94 kuma, in kai ma kana raba aiki ga wasu, yana soke kariyar da fom ɗin ke ba ka idan aikinsu ne ya jawo ɓarna a abin da ka gina. Ni wannan na biyun na fi jin tsoro ga mai sana'a irin taka.

Abin yi ba shi da wahala. A farkon takardun akwai shafin da ya jera duk fom da rataye da lambobinsu. Ajiye na bara kusa da na bana, ka bi layi-layi, ka ja wa duk lambar da ta canza ko ta shigo sabuwa layi da biro. Kai wa dillali tare da kwangilar da ka sa wa hannu, ka ce ya rubuta maka abin da kowace lamba ta cire, a rubuce, ba ta waya ba.