Dushewa, Koɗewa da Tabo: Wacce Kalma Ce ta Dace?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ce zoben azurfata ya koɗe, sai yayata ta ce ba a faɗin haka, dushewa ya yi. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Kuma baƙin da ya yi, za a iya kiran sa tabo?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Yayarki ce da gaskiya. Hanyar rarrabe kalmomin nan ita ce a duba abin da aka rasa.

Idan haske ko ƙyalli ne ya ragu, dushewa ke nan, ko dusashewa. Fitila ta dushe, madubi ya dushe, ido ya dushe har mutum yana gani dishi-dishi. Siffar ita ce dusasshe, dusasshiya, dusassu. A kan murya an fi jin dishe: ya kwana yana tari, muryarsa ta dishe. Idan kuwa launi ne ya tafi, sai a ce koɗewa. Zane ya koɗe saboda rana ko yawan wanki, ga shi nan koɗaɗɗe. Kaifi kuma dakushewa yake yi, kamar wuƙa da almakashi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wannan: ƙarfen da ya dushe ƙyallinsa yana nan a ƙarƙashi, rufe shi aka yi. Azurfa tana haɗuwa da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, da ƙwai, da robar ɗaure kaya, sai wata 'yar fata siririya ta hau kanta. Da farko ruwan ɗorawa take yi, daga baya ta koma baƙa. Ki gwada ki gani. Ki shimfiɗa takardar alminiyam a gindin kwano, ki zuba ruwan zafi lita 1 da babban cokali 1 na bekin soda, ki sa zoben ya taɓa takardar, ki bar shi kamar minti 5. Za ki ji ɗan wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, alamar farar wutar tana barin azurfar ke nan. Ki ɗauraye, ki goge da ƙyalle mai laushi. In zoben bai taɓa takardar ba aikin ba zai yi ba, in kuma akwai dutse da aka manna masa kada ki tsoma shi, ruwan zafi yana sassauta gam. Koɗaɗɗen zane kuwa ko kwana aka yi ana wanke shi launinsa ba zai dawo ba, sai dai a sake rini.

Tabo daban yake. Wani abu ne daga waje ya zauna a wuri guda, yana da iyaka da za ki iya zagayewa da yatsa: tabon mai, tabon tawada, tabon jini. Shi na jini da ruwan sanyi ake fara wanke shi, domin ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama zare. Baƙin zobenki da ya game ko'ina ba tabo ba ne. In an wanke tabo bai fita duka ba, ya bar 'yar shaida mai gefe, wannan jirwaye ne.

TAMBAYA: Malam, daidai ne a ce “an dusashe masa suna” idan an yi wa mutum ƙazafi?

AMSA: Ba daidai ba ne, ɗan'uwa, kuma kuskuren yana yawaita a rubuce-rubuce, abin da ke damunmu ƙwarai. Wanda aka yi wa ƙazafi ɓata masa suna aka yi, ko an shafa masa kashin kaji. Sunan da ya dusashe shi ne wanda aka daina ji, ba tare da mai shi ya yi wani laifi ba, kamar yadda ake cewa tauraruwar ɗan wasa ta dusashe in ya daina tashe. Ƙwazo da basira kuma dakusar da su ake yi, don Bahaushe yana kallon su a matsayin abu mai kaifi.